Tokar da na zuba wa itacen tsohuwa

A shekarun da kuɗin mai ya buɗe, gwamnati ta turo maigidana karatu Landan, ni kuma na biyo shi. Muka kama ɗaki a saman gidan wata tsohuwar Baturiya a Woolwich. Ba ta da ɗa, ba ta da jika, sai wani ɗan itace a bayan gida mai suna azaliya, wanda marigayi mijinta ya dasa. In sanyi ya ja baya sai ya yi fure ruwan ɗorawa mai ƙamshi, manyan ƙudan zuma masu gashi su yi dafifi a kansa, har da malam-buɗe-littafi. Takan ce duk layin an shafe shi da siminti, in ba itacen nan ba, ba su da wurin kiwo.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da ita za a kai ta asibiti, ta riƙe hannuna ta ce in kula mata da itacen. Na ce, "Haba Iya, ni fa 'yar manomi ce!"

Kai, wannan baki nawa! Na leƙa gindinsa na ga ruɓaɓɓen ganye jibge, na ce ji ƙazanta, na share tas. Sannan na yi masa gatan da muke yi wa gonar bayan gida a garinmu: duk safiya in na kwashe tokar murhu sai in juye masa. Wata uku ina yi, har ina yabon kaina.

Lokacin fure ya zo, ganye ya fito ƙanana, fari fat, toho ya bushe tun bai buɗe ba. Maƙwabcinmu ya leƙo ta kan shinge, ya ga tokar, ya dafe kai. Ashe toka guba ce ga irin wannan itace, ruɓaɓɓen ganyen da na share kuwa shi ne abincinsa. Na durƙusa ina kwashe ta da hannu ina kuka, amma ina, itacen ya riga ya mutu.

Ranar Lahadi na je asibiti dubiyar tsohuwar. Ta rame ƙwarai, murya da ƙyar take fita. Ta ce, "Ƙudan zuman sun zo?"

Na ce, "Sun zo, Iya, sun cika shi."

Ta yi murmushi ta ce gobe in karyo mata reshe ɗaya ta sansana. Na ce to.

Ban koma ba. Wallahi kunya ce ta hana ni, kuma har yau ban yafe wa kaina ba. Ranar Alhamis ta rasu, ma'aikaciyar jinya ta ce kwana uku tana tambaya ko na zo.