Injin Baffa da Haddar Kakana

Har yau in warin gas ya haɗu da na ɓuntun shinkafa, sai in ji kunnena ya fara ƙugi.

Shekarar da ruwan kanal na noman rani ya wadata a gefenmu na Kura, kowa ya koma noman shinkafa. Baffa ya sayo injin casa ya kafa a bayan katangar zauren Kakana. In aka tayar da shi, kaji kan fasa ƙwai, kuma na sha rantse wa abokaina cewa shi ya kakkaɓe wa Goggo haƙora biyu. Da shi ake ci da gidan, don haka ba wanda ya ce uffan.

Kakana mahaddaci ne. Kullum da hantsi yakan karanta izu biyu da ka, ni ina riƙe da Alƙur'ani ina bi, in ya kauce in gyara masa. A da, sai a yi wata ban buɗe baki ba. Da injin ya zo, sai ya fara tsayawa a tsakiyar aya, ya dafe goshi, ya koma baya. Rawaninsa ma ya ƙara ɗaurewa tamau saboda ciwon kai.

"Tsoho, ko mu yi musaya ne, ka riƙe in karanta?"

"Ja'iri, bi da ido."

Ka san gaskiya? Ni ma ba na bi. Leɓensa kawai nake gani yana motsi, hankalina na kan bugun injin, ina kaɗa ƙafa kamar a gidan biki. In ya ce, "Na yi daidai?" sai in ce, "Daidai, Malam." Damina guda ina faɗin haka.

Ranar wata saukar karatu a Bunkure aka ba shi ya buɗe, a gaban malamai. Ya tsallake daga wata sura ya faɗa mai kama da ita. Wani gardi sa'an jikansa ya gyara masa. Sau uku.

A hanyar gida, kan gaɓar kanal, ya ce, "Tun yaushe nake kaucewa?"

Na ce ban sani ba. Bai zage ni ba. Washegari na ɗauko Alƙur'anin, ya ce in mayar. Ya zauna yana kallon katanga tana rawa, kuma haka hantsinsa ya koma har ya rasu. Ban yi kuka ba.

Yanzu injinan layinmu ba sa ƙirguwa, kuma ba mai jin su. Nakan sallame salla ban san raka'a nawa na yi ba. In na juya in tambayi ɗana, sai in tarar kunnensa a toshe da waya.