Mba Napari da Turke na Talatin da Takwas

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata, 11 ga watan Yuni, ina tsaye a bakin injin casa ina yi wa direbana faɗa a kan taya, sai ɗanka Yahuza ya kira ni daga asibiti a Tamale ya ce, "Yaya Sayibu, tsoho ya cika." Na ce masa to. Na mayar da waya aljihu, na ci gaba da faɗan taya har na gama, don kada ma'aikata su ga fuskata ta canja. Halina ke nan, Mba Napari, kuma ka fi kowa saninsa.

Mba, wato baba, nake ce maka tun ina yaro, domin tare kuka tashi da mahaifina. A aji uku na bar sakandare. Ban gaji ko akuya ba. Injin casar shinkafa da ke bakin hanyar Tibogu, da tarakta huɗu, da gidan da nake ciki, duk da hannuwan nan biyu na same su, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Abin da ban cika faɗa ba shi ne ranar da na sayo tsohon inji na farko, da littafinsa na Turanci da ya fi ƙarfina. Kwana uku kana zuwa da kekenka bayan la'asar, kana karanta mini shafi-shafi, ni kuma ina kwance cikin baƙin mai ina ɗaurawa. Da injin ya tashi ka tafa hannu ka ce, "Injiniya!" Zolaya ce, amma sunan ya bi ni har yau.

Kai ka auna mini filin injin. Shekara talatin ka yi kana aikin safiyo, wato awon filaye, ba ka karɓi ko zabuwa ɗaya daga hannuna ba. Na ce ka ɗan matsa da igiyar awo taku biyu ta yamma, ai hanya ce kawai, ba ta kowa ba. Ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "Matan da ke ɗauko itace fa, ta kan rufinka za su bi?" Hanyar tana nan. Ta nan aka wuce da gawarka.

Da majalisar gunduma ta yarda a kafa kwamiti mai zaman kansa don sake shata iyakokin mazaɓunmu, sharaɗin shi ne kada a sa mai katin jam'iyya ko mai neman kujera. Mutum biyar aka samu, kai ne shugaba. Kowa ya san dalilin aikin. An haɗa Tibogu da Kulyili da sauran ƙauyukan hayin rafi a mazaɓa ɗaya tun garin bai kai rabin haka ba. Wakili kullum ɗan Tibogu ne, rijiyar burtsatse kullum a Tibogu take tsayawa. Wakilin kuwa, zango biyu a jere, ni ne. Ƙuri'ata a hayin rafi take. Ban taɓa ce wa kowa ya zaɓe ni ko ya rasa tarakta ba. Ban buƙaci faɗa ba. Manomi ya san bambancin huɗar farkon damina da ta ƙarshenta.

Ka yi aikin nan yadda ban taɓa ganin an yi aikin hukuma ba. Ba ka zauna a ofis da taswira ba. Ka bi mata zuwa rafi ka ga inda kowace unguwa ke ɗiban ruwa. Ka tambayi inda ake kai gawa da inda ake kai niƙa. Ka jera da tsohuwa Mma Napaga daga ƙofarta har rumfar zaɓe, da agogo a hannunka, ka rubuta awa biyu da kwata, ka ƙara da cewa idan rafi ya kawo ba ta zuwa sam. Abu ɗaya ka hana 'yan kwamitinka: kada wanda ya kafa turke, ko ya jera dutse, ko ya ɗaura ƙyalle a bishiya. Ka ce a ƙasarmu turke maganar gona yake yi, gona kuwa ta sarki ce da kakanni, ku kuma akwatin zaɓe kawai kuke rabawa. A gabana ka faɗa. Na ji, na riƙe.

Da labari ya iso ni cewa hayin rafi zai zama mazaɓar kansa, gidana kuma zai faɗa cikin unguwar kasuwa inda ba ni da mutum ɗari, na zo na same ka kana ba zabinka dawa. Ban ko tsuguna na gaishe ka ba, a kan babur na tsaya.

"Mba, layin nan naka ba ya lanƙwasa ne? Ko maciji yana kauce wa dutse."

"Kai ne dutsen, Injiniya?" Ka yi dariya. "Sauko ka sha koko, cikinka ne ke magana."

"Ni na yi wa mutanen nan huɗa shekara goma."

"Sun gode. Yanzu bar su su zaɓi wanda zai yi musu rijiya. In kai ne mai aiki, je kasuwa ka nuna musu. Ai ba a haife ka da tarakta ba."

Na tayar da babur na bar ka da ƙwaryar dawa a hannu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na roƙi a karanta wannan takarda a masallacin Tibogu da ƙofar sarkin Kulyili, kada a tsallake layi ɗaya.

Ranar kasuwar Tibogu, lokacin da gonaki suka zama wayam, na yanka rodi a garejina gida talatin da takwas, na tsoma kawunansu a fenti, na ɗora a bayan mota. Ni kaɗai na je. Na bi layin da kwamiti ya zana, na kafa su a tsakiyar kunyoyin doyar mutanen Kulyili, tun daga gindin kaɗanyar makaranta har bakin rafi. Washegari na zauna a shagon mai shayi na ce, "Na ji an ce kwamiti ya fara raba ƙasa." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Kafin azahar maganar ta haye rafi.

Kun san sauran, ku mutanen Kulyili, don kuna wurin. An tara taro a gindin kuka. Mba Napari ya zo da taswirarsa a naɗe, ya tsuguna ya gai da sarki, ya rantse bai kafa komai ba. Ba wanda ya saurara. Aka ce masa ɓarawon ƙasa, a garin da aka haifi mahaifiyarsa, a gaban 'ya'yan kawunnansa. Wani ya kai hannu ya ture masa hula. Dattijo mai shekara saba'in da huɗu ya sunkuya ya ɗauki hularsa daga ƙasa, ya kakkaɓe, ya mayar. Ni kuwa na shiga tsakiya ina ɗaga hannu ina cewa a yi haƙuri, a bar tsoho ya tafi gida. Har yabo na sha a ranar, wai Injiniya ya hana fitina.

Majalisa ta dakatar da kwamiti don a zauna lafiya. Rahoton ya shiga durowa. Aka yi zaɓe da tsohuwar iyaka, na ci. Kai kuwa, Mba, ka aiko Yahuza ya yi mini barka.

Daga nan ba ka ƙara haye rafi da rana tsaka ba, sai da sassafe, ka dawo kafin mutane su fito gona. Na ɗauka kabarin mahaifiyarka kake zuwa. Ranar jana'izarka na duba sahu-sahu, ban ga mutum ɗaya daga Kulyili ba. Kai da ka auna musu filin makaranta kyauta, ka rubuta wa rabinsu takardar neman aiki.

Ranar addu'ar uku, bayan an watse, matarka Mma Sanatu ta aiko a kira ni. Tana zaune a kan tabarma, ta nuna mini wani buhun taki a jingine da bango.

"Sayibu, ɗauki kayanka. Ya ce in ya riga ka tafiya a ba Injiniya, rodi ne mai kyau, kada ya yi tsatsa a banza."

Na kwance bakin buhun. Turakun nan ne, kawunansu shuɗi, irin fentin ƙofar injina, wanda babu mai irinsa a gundumar nan, don ni na sa aka haɗa mini shi a Kumasi ina taƙama da shi.

"Tun yaushe ya sani, Mma?"

"Tun ranar da ya ga na farko. Kai ma dai, ko fentin ba ka iya canjawa ba? Wata biyar yana zuwa yana cire su ɗaya-ɗaya, kada garma ta ci karo da su wani ya ji ciwo. Na ce masa ya faɗa wa duniya, ya ce in ya faɗa za a ƙone injin, mata arba'in masu turara shinkafa kuma a nan suke ci. Na ce to sunanka fa? Ya ce sunansa ya riga ya tsufa, naka ne bai gama girma ba."

Na fara ƙirga su. Ta gyara mayafinta ta ce, "Talatin da bakwai ne a ciki. Na bakin rafi ya gagare shi, ka buga shi da yawa. Ya ce wannan kai za ka cire."

Mba, na yi shekara hamsin da ɗaya ban tsuguna wa kowa ba in ba dole ba. A gaban Mma Sanatu na tsuguna har ƙafafuna suka mutu. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma ga laifinta ba.

Ba ni da hanyar mayar maka da hularka yadda take kafin ta taɓa ƙasa. Abin da ya rage a hannuna kaɗan ne. Na rubuta wa majalisa cewa ni na kafa turakun, na nemi a fito da rahotonka a zartar da shi yadda ka bar shi, ba a matsa da layi taku ɗaya ba. Na san layin nan zai raba ni da kujera. Ranar addu'ar bakwai kuma, da hantsi, lokacin da kowa ke gona, don a gan ni, zan ɗauki buhun nan a kaina, ba a mota ba, in haye rafi in zazzage shi a gaban sarkin Kulyili. Abin da suka ga dama su yi da ni, su yi. Roƙona ɗaya gare su: mata arba'in ɗin nan ba su san komai ba. Daga nan zan gangara bakin rafi da diga.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Napari Tidoo. Ka yalwata masa kabarinsa fiye da duk filin da ya taɓa aunawa, Ka sanya haƙurin da ya yi da ni a ma'auninsa, Ka haɗa shi da mahaifiyarsa a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mma Sanatu, da Yahuza da ƙannensa Azaratu da Shani, da 'yan kwamiti huɗu da suka sha zagi tare da shi saboda ni. Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya albarkaci bayansa.

Ku kuma mutanen Kulyili, ku ne dangin uwarsa, ku ya kamata a fara yi wa ta'aziyya. Ɗanku ne, bai taɓa kafa muku turke ba, cirewa ya yi. Ku zo ku yi masa addu'a. Ni za ku same ni a bakin rafi.

Sayibu Wumbei, Tibogu