Suweiba Mai Jan Biro Ta Bar Mana Littafi

Kafin in gama dama kokon farko, Suweiba Husseini ta sauka daga motar trotro a bakin titin Nima, jaka a kafaɗa, jan biro maƙale a ɗankwali. "Mma Lariba, ina kwana," sai ta haye makarantar koyon kwamfuta da ke saman rumfata. Shekara tara ke nan. Duk mai hawa benen nan kuwa na san labarinsa, har wanda ba ya so a sani.

Can sama kwamfuta babba ɗaya ce. A cikinta ake yanka ƙanana ashirin, yadda mai gidan haya ke yanka ɗakuna, kowace ɗaliba da nata. Ba hoto, ba abin latsawa, baƙin allo ne kawai, sai ka rubuta masa umarni: buɗe ɗaki, ƙara wa wannan wuri, rufe wancan. Abdul-Latif ne ya ƙera abin, ya samu biza, ya tafi da bayanin duka a kansa. In an kira shi sai ya ce, "Ai da sauƙi." Da sauƙi a gidanku!

Suweiba ce ta zauna ta rubuta littafin bayani: kowane umarni, abin da yake yi, da abin da zai ɓata. Wani ya ce ai ba ta ƙera komai ba, sakatariya ce. Ba zan faɗi sunansa ba, matarsa na sayen ƙosai wurina.

Ga yadda take aiki. In ta rubuta shafi, sai ta nemo wanda bai san komai ba, ta ba shi, ita kuma ta zauna a kan hannayenta. A kansu fa take zama, don kada su kai ga taimako. Ni ta fi ɗauka, ni da karatuna ya tsaya a aji huɗu. Inda na tsaya ina zare ido, nan jan biro ke sauka. "Ba laifinki ba ne, Mma, takardar ce ba ta yi magana ba." Wata rana da yatsa ɗaya na goge ɗakuna sha biyu. Na tashi zan gudu, ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Gargaɗin da ke shafi na sha ɗaya da manyan haruffa, nawa ne.

Suweiba, ke ce ba ki taɓa ce wa kowa "ai da sauƙi" ba. Ke ce mai jan biro, mai kunyata takarda ta bar mutum da mutuncinsa.

Yanzu ta koma Tamale jinyar mahaifiyarta. Asabar ɗin kafin ta tafi, ga jarrabawar mata ashirin ranar Litinin, yawancinsu 'yan kasuwar Makola da suka bar kaya suka zo koyo, sai ta goge ɗakunan duka da gangan. Ta miƙa wa Malam Nashiru, wanda zai gaje ta, littafin, ta ce ya dawo da su, ta sauko ta zauna a bencina.

"Kin haukace ne?" na ce. "In ya kasa fa?"

"Gara ya kasa yau ina nan, Mma."

Bakinta ne kawai ya faɗa. Ta tashi, ta zauna. Ta kai ƙasan bene, ta dawo. Ni ma na zuba wa mutum biyu sukari sau biyu. Can taga ta buɗe, Nashiru ya leƙo. Suweiba ta miƙe zumbur.

"Mma Lariba, akwai sauran ƙosai?"

Ban san lokacin da na zage shi ba.

Bayan azahar ya sauko yana miƙa. "Anti Suweiba, ashirin cif, duk sun tashi."

Suweiba ta ce, "Ko sau ɗaya bai tambaye ni ba." Na ga ƙwalla. Na ce, "To, me kika yi shekara tara kina nema?"

Mun gode, 'yar nan. Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki. Ku kuma masu ɓoye aiki a ka don a riƙa nemanku, daga bakanike har mai sayar da waakye, shinkafa da waken nan, ku rubuta ku bari. Ranar Litinin matan nan suka yi jarrabawarsu, Suweiba tana cikin bas, wayarta a cinya tun daga Accra. Ba wanda ya kira ta sai ni, ni ma don in gaya mata wadda aka kama tana leƙen amsa.