Hannun da Ya Bi Takobi

A bakin tashar motocin haya ta Ngara, inda Nyambura mai zane ke rataye ayyukanta a igiya, wani dattijo ya tsaya cak. Kwat ɗinsa ta yi masa yawa, takalminsa duk ɗigon tsohon fenti ne. Hannunsa na dama yana aljihu, amma ko ta nan kana ganin yadda yake karkarwa.

Zane ɗaya ya ƙura wa ido, baƙar tawada a farar takarda: jaruma ta ɗaga takobi, matsafi na fitowa daga hayaƙi a bayanta.

"Baba, kallo kyauta ne, amma kar ka cinye mini shi da ido," in ji Nyambura.

"'Yata, hayaƙin nan ai ba zana shi kika yi ba," ya ce. "Baƙi kika zuba a kewaye, kika ƙyale farin. Wa ya koya miki haƙuri haka?"

Da alama shekaru ya yi yana zana zakuna a jikin motocin nan, kafin a koma manna hotunan da inji ke bugawa, kafin hannun ya ci amanarsa.

Sai ga shi ya zaro hannun. Yatsansa na bin takobin a iska, daga mariƙi har tsini, layi ɗaya sambal, ko gezau.

Nyambura ta miƙa masa alƙalaminta. Ya yi murmushi, ya girgiza kai.

"Wannan ya ishe ni yau."

Ya mayar da hannun aljihu tun bai tuna da rawarsa ba.