Wuƙar da na ce ɗalibai sun ɗauke min

Ko tsufa ya kwashe min komai a kai, ba na jin zai kwashe ranar Larabar da na je na tarar da ɗana a bakin titi a Sabon Gari. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai in ji kamar in ja mayafi in rufe fuska. Ni ba mai fita ba ce, karatuna kuma bai wuce aji huɗu na firamare ba. Abin da Allah ya ba ni kunne ne da baki, bakin nan kuwa shi ya kusa jawo min abin da ba ya gyaruwa.

Maigidana makanike ne. Shi da wani abokinsa mutumin unguwar Muchia suke da gareji a Sabon Gari. Wata rana yana kwance ƙarƙashin mota sai jak ɗin da aka ɗaga ta da shi ya zame, motar ta sauko masa a ƙirji. A ƙa'idarsu in an ɗaga mota sai an tokare ta da gungumen katako, kuma ranar abokin ne ya kamata ya sa, bai sa ba. Lokacin ɗanmu yana shekara tara. Bayan an share makoki sau uku mutumin ya zo ƙofar gidana, sau ukun ina aikawa a ce masa ba ni da abin faɗa masa.

Amma ina da abin faɗa wa yaron. Kullum in na ajiye masa abinci sai in ce, "Ci ka ƙoshi. Shi ma wanda ya kashe ubanka yana can yana ci." Wallahi a lokacin ban ɗauke ta wata magana ba, kamar tari take fito min. Shekara goma yaron nan yana haɗiye ta tare da tuwo.

Gidanmu a Samaru yake, na sa ɗalibai haya a ɗakuna biyu. A cikinsu akwai wata yarinya mai karatun wasan kwaikwayo, ɗakinta jikin nawa. A shekarar aka ba ajinsu wani tsohon wasa na Turawa su mayar Hausa su nuna, sai ta roƙe ni su riƙa gwaji a tsakar gidana da la'asar. Na ce bismillah, ni da nake neman abokin hira. Ina tsintar shinkafa ina sauraro, kafin sati biyu na haddace wasan fiye da masu yinsa. Labarin wani saurayi ne da aka kashe ubansa, fatalwar uban ta riƙa zuwa tana ce masa ya rama. Shi kuma yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi. Ranar da ya rama ɗin kuwa ba wanda ya tsira, har shi, har uwarsa, har wata 'yar mutane da ba ta san hawa ba ta san sauka ba.

A cikin kwanakin ne wuƙata ta yanka nama ta ɓace, mai baƙar ƙota. Na tsaya tsakar gida na yi ta faɗa, na ce tunda 'yan wasa suka fara shigo min kaya suka fara yin ƙafa. Yaran suka yi ta rantse-rantse. Yarinyar ce kawai ta tashi ta shige ɗakinta.

Ranar Talata gardama ta kaure tsakaninsu kan dalilin da ya hana saurayin ramawa da wuri. Wani mai gilashi ya ce, "Matsoraci ne kawai, ba wani dogon turanci." Wata ta ce a'a, tunani ne ya yi masa yawa. Mai gilashin ya juyo yana dariya, "Mama, ke da kika fi malaminmu zuwa aji, raba mana."

Na ajiye tire na gyara zama, don an taɓo inda nake so. Na ce, "Ku duk kun bar mai laifi kuna dukan yaro. Wa ya taɓa tambayarsa ko yana so? Fatalwar nan ita ce muguwa. Ta gama nata zaman duniya, ba ita za ta riƙe makami ba, ba ita za a kama ba, amma ta hana yaro barci." Suka sa tafi, har da masu cewa a ba Mama digiri. Na ji daɗi ƙwarai, kunya ta hana ni faɗin yadda kaina ya kumbura.

Washegari yarinyar ta ce ita za ta yi fatalwar. Ta yafa farin zane, ta zo ta durƙusa gaban mai yin saurayin, ta tura masa kwano. Maimakon maganar da na saba ji, sai ta ce a hankali, "Ci ka ƙoshi. Shi ma wanda ya kashe ubanka yana can yana ci." Har yadda nake jan numfashi a tsakiya sai da ta ja. Sauran suka ce kai, wannan ya yi, ina kika samo? Ni kuwa shinkafar ce ta zube min a cinya.

Na shige ɗaki, ta biyo ni. Na ce, "Ashe laɓe kike min? A gidana za ki tozarta ni?"

Ta durƙusa tana hawaye. "Mama, bangon ne ba kauri. Sau biyu na zo zan faɗa miki kika ɗauko wata hira. Ba wanda ya san maganarki ce. Mama, sati uku ke nan ɗanki ba ya zuwa inda yake koyon ɗinki. Na gan shi da idona a Sabon Gari, zaune yana kallon wani gareji. Wuƙarki kuma ba mu muka ɗauka ba."

Ban san lokacin da na zari mayafi ba, takalmin ma wari da wari na sa. Na hau bas, muka bi ta Kwangila, ina ta salati a fili har wata mata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Rabona da layin nan tun maigidana na da rai, amma ƙafata ba ta manta ba.

Ɗana yana zaune a kan benci gaban wani shagon taya, tsallaken garejin, da abu naɗe cikin jarida a kan cinyarsa. Da ya gan ni bai gudu ba, bai ɓoye ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Umma, ki yi haƙuri. Kullum sai in ce yau, sai in ga 'yar mutumin ta kawo masa abinci, sai ƙafata ta ƙi tashi. Na kasa, Umma. Ki yafe min."

Jama'a, ɗana ne yake ba ni haƙuri don bai kashe mutum ba. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina irin ta wannan lokaci ba. Na zauna a ƙasa, a gaban mutane, na karɓi jaridar na danne ta a ƙirjina.

Muna nan sai ga mutumin ya tsallako. Ya yi furfura, ya rame. Ya tsaya nesa kaɗan ya ce, "Yaya, sannu da zuwa. Tun ranar farko na gane shi, tafiyar ubansa ce. Na san abin da ke cikin jaridar." Ya share fuska da hannun rigarsa mai baƙin mai. "Ni ne ban sa katakon ba, ban taɓa musu ba. Abin da na zo faɗa miki ke nan sau uku."

Ban iya ce masa na yafe ba a ranar, ƙarya ne in ce na iya. Sai bayan wata biyu na aika aka kira shi na faɗa masa. Abin da na iya a ranar kawai shi ne na kama hannun ɗana na ce, "Tashi mu je gida. Ubanka bai aiko ka ba, ni ce, kuma na janye."

Da muka koma na tara ɗaliban na ba su haƙuri kan wuƙar. Yarinyar ta cire maganar daga wasan ba tare da na roƙe ta ba. Da na ajiye wa ɗana tuwo a ranar, na ce, "Ci ka ƙoshi," na kama bakina. Ya ɗago yana jiran sauran, har ya gane babu saura, sannan ya sa hannu.

Abin da na koya shi ne, baƙin cikinka naka ne, ka kai shi gaban Allah ko gaban wanda ya ɓata maka, amma kada ka zuba wa yaro shi a kwano. Duk maganar da kake maimaita masa aike ce, ko ba ka nufa ba, kuma wata rana zai tashi ya tafi aiken.