Hannun Albarka Wanzami

A Wurogauri, in kana son ka ji cika baki, je ka zauna inda Albarka wanzami ke shimfiɗa tabarmarsa. Aski, kaciya, ƙaho, duk gadon ubansa ne, kuma tsakani da Allah hannunsa na dama ba ya rawa. Amma girman kai kamar ya kashe shi! Duk wani wanzami ɗan koyo ne a wurinsa, musamman Lukuman na Ceberu, wanda yake kira mai yanke kunnen jarirai.

Da 'yarsa Sumayya ta samu ciki sai ya ishi gari. Shi zai yi wa jikansa na fari askin suna, ba wani ƙazami ba.

Wata ranar kasuwa a Gwandu ya tarar ana awon hawan jini kyauta. Ya miƙa hannu don ya samu abin dariya. Ma'aikaciyar, Mubaraka, ta ɗaura masa abin awo, ta duba, ta sake dubawa.

"Baba, jininka ya hau sosai. Ga magani, kullum ƙwaya ɗaya, ko kana jin lafiya. In ka yi wasa, ɓarin jikinka zai iya shanyewa."

"Ke ɗiyata, mi kika sani a kan jini? Tun ba a haife ki ba nike zubar da shi."

Ya dai karɓa. Ya sha na 'yan kwanaki, ya ji garau, ya cusa sauran a zabirar asakensa. In ƙeya ta sara masa sai ya sa a kafa masa ƙaho, ya riƙa nuna baƙin jinin da ya fito: "Ga ciwon nan a ƙasa!" Shashasha, har tafa masa ake yi.

Cikin Sumayya ya tsufa. Wata safiya yana wasa aska, ta suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsun suka ƙi. A asibiti aka ceto ransa, hannun kam bai dawo ba.

Ranar suna Lukuman aka kira. Sumayya ta roƙa a yi da askar mahaifinta, aka kawo zabirar. Lukuman yana buɗewa, ƙwayoyin maganin suka zubo a tabarma gaban jama'a. Albarka na zaune a gefe, hannun dama yashe a cinya, yana kallon gashin jikansa na zuba.