Ungozomar Kifayen Nkemdirim

A unguwar Inkil in ka tambayi gidan Hajiya Amatullah sai a tsaya ana yi maka kallon baƙo. Ka ce Mama Nas kawai, kowane mai keke zai sauke ka a ƙofarta. 'Yar cikin gari ce, haihuwar unguwar Jahun, gidan malamai. Da ta ce za ta makarantar ungozoma dangi sun yi surutu har bakinsu ya gaji, mahaifinta dai ya ce gara matan unguwa su haihu a hannun 'yarsa da su haihu a hannun wanda bai san su ba. Ta yi shekara talatin da 'yan kai a ɗakin haihuwa. In ka ji ta bakinta, rabin samarin da ke jan keke tsakanin Wunti da Muda Lawal ita ta fara ganin fuskarsu, kuma ba ta ga wanda ya ƙara kyau ba tun daga ranar.

Gajeruwa ce, ga faɗa, ga hannu mai albarka. Doka ɗaya gare ta wadda ko likita bai isa ya taka ba: da jariri ya faɗo, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa. Ta sha kai ruwa rana da kakanni masu son su sure yaro su yi waje da shi a wanke. Sai ta tare ƙofa da jikinta ta ce, "Iya, koma ki zauna. Ba a raba ɗa da uwa a gabana."

Da ta yi ritaya zaman gida ya nemi ya kwantar da ita. Mijinta, Malam Abdulbaqi, mai shagon littattafan addini, ya ce ya dawo wata rana ya tarar tana laluben cikin akuyar maƙwabta.

Daura da gidansu akwai shagon Amaka, mai sayar da kayan shayi da sabulu. Mijinta Nkemdirim kayan gyaran babur yake sayarwa, kuma duk 'ya'yansu uku a hannun Amatullah suka faɗo. Nkemdirim mutum ne mai shiru, abu ɗaya ne ke sa shi surutu, wato wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye da yake kiwo a akwatin gilashi a falonsa. Gofi ake ce musu. Babbansu bai kai ɗan yatsa ba, ba a ci, ba sa komai sai yawo. Ya yi shekaru yana zaɓen masu jan wutsiya yana haɗa su, har ya samu wani iri nasa, namijin wutsiyarsa ja wur kamar manja, a buɗe kamar mafici. Amatullah ba ta taɓa tsayawa ta kalle su ba. A ganinta kifin da ba zai shiga miya ba ɓata ruwa ne.

Ciwon ƙoda ya kwantar da Nkemdirim wata da watanni. Amaka tana asibiti, ba mai canza ruwa, kifayen suka yi ta mutuwa. Ranar da ya cika, uku suka rage, namiji ɗaya da mata biyu. Za a kai gawa gida, can kudu, kuma Amaka za ta daɗe saboda zaman makoki irin nasu. Da safen tafiya ita da babbar 'yarta Comfort suka tsallako titi da akwatin a hannu, ruwa na tangal-tangal, suka ajiye a falon Amatullah.

"Mama, ka riƙe mini shi," in ji Amaka. Hausarta ba ta san ka da ki ba, amma ba wanda ya taɓa kasa gane ta. "Shago zan iya rufewa, kaya zan iya sayarwa. Wannan ne kawai abin da ya yi da hannunsa wanda yana numfashi."

Amatullah ta ce, "Maman Comfort, je ki binne mijinki. Za ki dawo ki same su."

Ta faɗa ne yadda ta saba faɗa wa mai naƙuda cewa za ta sauka lafiya, ba ta ko yi tunani ba. Ba a yi sati biyu ba ta tashi ta ga namijin yana yawo a saman ruwa, ciki a sama.

Ranar ko karyawa ba ta yi ba, ta hau keke sai wajen Tunji, wani Bayarabe mai shagon abincin kaji da na kifi a bayan Wunti, wanda Nkemdirim ke saye a wurinsa. Tunji ya ce namijin tsufa ne, gofi ba ya wuce shekara biyu. Sannan ya faɗi abin da ya sa ta ja kujera ta zauna. Wannan kifi, in ji shi, ba ya ƙwai, haihuwa yake yi. Macen takan ɗauki ciki kusan wata guda ta haifi 'ya'ya da ransu. Kuma in ta taɓa haɗuwa da namiji, takan ajiye irinsa a jikinta ta yi ta haihuwa wata bayan wata, ko da ya mutu, sai dai kowace haihuwa tana raguwa har ta ƙare.

"Haihuwa fa ka ce?"

"Haihuwa, Mama. Amma in ta kusa, ki cire ta ki sa ta daban. Da ta gama ki raba ta da yaran."

Nan fa ya taɓo inda ba a taɓawa. Ta kalle shi ta saman tabarau ta ce, "Kai ka taɓa karɓar haihuwa?" Ya ce a'a. Ta ce to ya auna mata abincin, sauran nata ne.

Ta koma gida da ƙarfinta. Abin da ta raina sai ga shi ya zama aikinta. Ta koyi ajiye ruwan famfo a bokiti ya kwana kafin ta zuba, saboda maganin da ke cikinsa ya fita. Ta daina ba su abinci irin na mai gayya, sai ɗan abin da ya maƙale a yatsa biyu. Cikin kuwa ba wanda ya koya mata. Ta ga baƙin tabon da ke ƙasan marar kifin yana ƙara duhu, ta ga cikin ya tashi daga zagaye ya zama kamar ɗan akwati, ta ga macen ta ƙi abinci ta koma lungu tana makyarkyata. Ta ce wa Malam, "Wannan ba za ta kai jibi ba." Ba ta kai ɗin ba. Washegari cikin ya sace, amma akwatin wayam, ba ɗa ko ɗaya.

Ta ce ɓari ne. Ta biyun ma ta sauke nata, ba a ga komai ba, ta ce ko zafin gari ne, don lokacin ana tsakiyar bazara, ta mayar da akwatin kusa da randa. Wata ya zagayo, ciki ya cika ya sace, shiru. Ana cikin haka ɗaya macen ta bi mijinta. Saura ɗaya tak, wata tsohuwa mai launin toka, wadda ba za ka ce a jikinta jan nan yake ɓoye ba.

Amaka takan kira duk Lahadi bayan coci. "Mama, yaya kifi?" Amatullah ta ce, "Muna nan muna fama." Ƙarya dai ba ta yi ba, amma in ta ajiye waya sai ta ji kunya ta rufe ta har wuya. Matar da ta karɓi haihuwar tagwaye da fitilar waya, yau amanar kifi uku ta gagare ta.

Tunji ya ga ta rame, tausayi ya kama shi. Ya nuna mata wani akwati a shagonsa ya ce, "Mama, ga wasu masu jan wutsiya daga Legas. Ki ɗauki shida ki zuba. Madam Amaka ba za ta gane ba."

Da ya san abin da zai biyo baya da bai fara ba. Ta miƙe tsaye, duk gajartarta, ta ce, "Musanyar jariri kake koya mini? Ni? A wannan shekarun?" Har mai shagon kusa sai da ya leƙo. Tunji ya yi ta ba da haƙuri, amma da ta juya za ta fita ya yi ta maza ya ce, "To ki zauna ki gani da idonki, Mama. Kada ki tashi."

Ta zauna ɗin. Ranar da ta ga alama ta idar da sallar walaha ta ja kujera 'yar tsugunno gaban gilashi, ta bar ƙullun masa yana ta kumbura a kicin. Can kifin ta yi wata 'yar girgiza, sai ga wani abu ya faɗo a naɗe, bai fi ƙwayar shinkafa ba, ido biyu baƙaƙe. Ya warware, ya motsa, ya fara iyo. Amatullah ta ji abin nan da ta saba ji a ƙirji duk sanda jariri ya yi kukan farko. Ba ta gama hamdala ba uwar ta juyo ta haɗiye shi.

Ta yi salati. Ta ruga kicin neman ludayi, kafin ta dawo an gama da na biyu da na uku. Haihuwar dama ba ta da yawa. Ta zauna da ludayi a hannu, ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da kifin take fushi ba.

Malam Abdulbaqi ya shigo cin abincin rana ya tarar ba masa ba dalilinta. Da ya ji labari bai yi tsokanar da ya saba ba. Ya ce, "Hajiya, dokarki ba ta yi ƙarya ba. Ta mutane ce."

"Yaron nan Tunji ya gaya mini tun farko, na hana shi magana," in ji ta.

Washegari ta koma wajen Tunji ta ce ya maimaita abin da ya faɗa, a hankali, tana ji. Wanda ya san Mama Nas ya san wannan tafiya ta fi mata hawan dutse wuya. Tunji ya ce in an yi sa'a saura haihuwa ɗaya, don kifin ta tsufa, irin ma ya kusa ƙarewa. Ya ce akwai wani ɗan keji na roba da ake sa mai ciki, amma sai an aiko daga Legas. Ta tambayi yadda yake, ya kwatanta. Ta ce, "Wannan ai kwandon tsane taliya ne."

Ta sayi sabo fil, ta ɗaure shi da zare a bakin akwatin ya nutse rabi. Uwa ba za ta iya fita ta hujin ba, 'ya'ya kuwa za su zube ƙasa. Ta sa Malam ya rufe shago rabin yini suka je dam ɗin Gubi ta roƙi wani masunci kainuwa, ta wanke ta tas ta zuba, don jarirai su samu saiwar da za su ɓuya. Malam yana riƙe da bokiti a cikin keke, babbar rigarsa duk ta jiƙe, ya ce shi dai bai san da wannan a cikin sadaki ba.

Haihuwar ta zo da hantsi, ranar wata Talata, ana yayyafin farkon damina. Amatullah da hannunta ta kamfaci uwar ta sa a kwando. Tana kallo suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya, suna silalewa ta huji, uwar tana kai baki tana samun roba. Da cikin ya sace ta ɗauke ta ta kai wata roba daban, can ƙarshen falo. Abin da ta hana kakanni yi shekara talatin, yau ita ta yi shi, kuma ta yi shi da kyau. A ƙarƙashin kainuwa akwai idanu goma sha wani abu.

Tsohuwar ba ta ƙara sati ba ta mutu. Ba sauran wani ciki da za a jira.

Renon ya fi haihuwar wuya. Bakinsu bai isa cin abincin manya ba, sai ta riƙa dafa ƙwai ta lakato gwaiduwa a kan tsinken sakace ta kaɗa a ruwa, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. In ya yi yawa ruwa ya ɓaci, don haka ta samo robar ƙarin ruwa irin ta asibiti tana zuƙe dattin ƙasa da ita, tana duba bokiti kafin ta zubar ko wani ya biyo. Biyu sun mutu duk da haka. Sauran suka girma, amma duka launin toka, ba ka bambance mace da namiji. In duk mata ne, aikin Nkemdirim ya ƙare a falonta ko da suna raye. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna. Matan unguwa suka ce Mama Nas tana jego.

Wata safiya, sun haura wata guda, ta zo da tsinkenta sai ta ga wani ɗan siriri yana bin 'yar'uwarsa, a gefen wutsiyarsa akwai ɗigon ja kamar an taɓa shi da jan baki. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Yana nan. Ta ƙwala wa Malam kira har ya fito da buta a hannu. Kafin sati ya zagayo maza huɗu suka bayyana, wutsiya na buɗewa tana ƙara ja.

Amaka ba ta dawo ba sai da kaka ta yi. Lokacin jikoki sun zo, har da tattaɓa-kunne, akwatin ya cika, kwando uku na rataye a baki, ga robobi jere a gindin bango. Mutane har daga GRA suke zuwa neman iri, Tunji ne ke turo su, Amatullah kuwa ta ce ba nata ba ne, su jira mai su.

Amaka ta shigo da baƙaƙen kaya, ta rame, kanta a aske ƙarƙashin ɗankwali. Suka gaisa, suka yi wa juna ya haƙuri. Ba ta tambayi kifi ba, da alama tsoron amsar take ji. Amatullah ta kama hannunta ta ja ta falo ta yaye labulen taga.

Haske ya faɗa kan gilashin, ruwan duk ya yi ja yana motsi. Amaka ta tsaya. Can ta durƙusa a kan siminti, ta sa zoben aurenta ta ƙwanƙwasa gilashin a hankali, sai kifayen suka taso gaba ɗaya suka taru a wajen yatsanta.

"Haka yake kiran su," in ji ta. "Mama, nasa ne?"

"Nasa ne. Ba baƙo ko ɗaya a ciki."

Amaka ta jingina goshi da gilashin ta fara magana ƙasa-ƙasa da yarensu, kafaɗunta na rawa. Amatullah ba ta jin ko kalma ɗaya, ba ta kuma buƙata. Ta fito ta ja musu ƙofa, ta tsuguna a bakin rariya ta wanke hannuwanta da sabulu har gwiwar hannu, sannan ta ce wa Malam ya rage muryar rediyo.